Wa Zai Biya Mai Ajiya Idan Banki Ya Rufe Ƙofa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana a kan al'amarin da ya shafi kowane mai sana'a a arewacin Kamaru da Cadi, wato makomar kuɗin da muke ajiyewa a banki idan tattalin arziki ya shiga rikici. Duk lokacin da shugabannin ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin tsakiyar Afirka, suka yi taron gaggawa a Yawunde, kamar na Disamban 2016 da na Disamban 2024, sai jita-jita ta cika kasuwanninmu tun daga Ngaundare har Kuseri: wannan ya ce za a karya darajar sefa, wancan ya ce bankuna za su hana cire kuɗi, kafin magariba saƙon murya ya gama zagaye wayoyi. Abin da ya fi damuna shi ne, tsakanin masu yaɗa maganar da masu ƙaryata ta, da wuya ka sami mutum ɗaya da zai iya gaya maka abin da doka ta tanadar wa mai ajiya idan bankinsa ya durƙushe, ko nawa za a biya shi, ko kuma wa aka bari a waje.

Tsoron da mutanenmu suke ji yana da tushe, kuma bai kamata 'yan boko su riƙa yi masa kallon jahilci ba. Daga tsakiyar shekarun 1980 farashin man fetur da koko da kofi da auduga ya faɗi a kasuwar duniya, kuɗin shigar gwamnatin Kamaru ya ragu ƙwarai, ta janye ajiyarta daga bankuna, ta kuma kasa biyan 'yan kwangilar da su ma bankunan suke bi bashi. A lokacin ne asiri ya tonu cewa an daɗe ana ba manya da makusantansu rance ba tare da jingina ta ƙwarai ba. A 1989 aka rufe bankuna da dama, ciki har da SCB ta wancan zamani da Cameroon Bank da bankin raya ƙasa na BCD, aka kafa hukumar SRC domin ta bi sawun basussukan da suka maƙale. Bankin BCCI ya rushe a duniya baki ɗaya a 1991, reshensa na nan bai tsira ba. Méridien BIAO ya faɗi a 1996, Crédit Agricole na Kamaru ya biyo shi a 1997. Ana cikin haka aka zaftare albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu a 1993, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa da ake saye da sefa 50 ya koma 100. Dattawan da suka ga wannan da idonsu suna nan da rai a unguwanninmu, su ne kuma suke ba 'ya'yansu shawara a kan inda za su sa kuɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ya kamata kowa ya san cewa banki ba ya kulle kuɗin masu ajiya a akwatin ƙarfe yana jiran ranar da za su dawo. Kaɗan yake riƙewa a hannu, saura ya ranta wa 'yan kasuwa da kamfanoni da ma'aikata masu albashi, ko ya sayi takardun bashin gwamnati, kuma waɗannan basussuka suna da wa'adin watanni ko shekaru, alhali mai ajiya yana da ikon neman kuɗinsa a kowace safiya. Muddin mutane suna zuwa a rarrabe, tsarin yana tafiya lafiya ƙalau. Ranar da tsoro ya sa suka zo gaba ɗaya, ko banki mai gaskiya zai gaza. An ga haka a Amurka a Maris na 2023, lokacin da masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 daga Silicon Valley Bank a rana guda, mafi yawa ta waya da kwamfuta, washegari hukuma ta rufe shi. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin biyan kowa duk abin da ya ajiye, har wanda ya wuce dala 250,000 da inshorarsu ta saba tsayawa a kai, domin tana da ƙarfin yin hakan. Kada mu gina lissafinmu a kan cewa baitulmalin Yawunde ko na Njamena zai yi mana irin wannan.

Masu jita-jita suna haɗa abubuwa uku su mayar da su ɗaya, alhali kowanne da maganinsa. Faɗuwar banki ɗaya daban take da karya darajar kuɗi, su biyun kuma daban suke da taƙaita cire kuɗi, irin wanda aka yi a Girka a 2015 lokacin da aka rufe bankuna makonni uku aka hana mutum cire fiye da yuro 60 a rana, ko wanda mutanen Labanan suke ciki tun ƙarshen 2019. Abokan cinikinmu na Mubi da Yola da Maiduguri sun ɗanɗana wani abu makamancin haka a farkon 2023, sa'ad da aka sauya takardun naira: kuɗin mutum yana cikin asusunsa, banki bai karye ba, amma tsabar ba ta samuwa. A kan karya darajar sefa kuwa, cire kuɗi daga banki a kai gida ba ya kare kowa, domin takardar jaka goma da ke ƙarƙashin katifa darajarta ɗaya da wadda ke cikin asusu, in an rage ta nan an rage ta can. Tun 1999 sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, kuma a taron 2016 shugabannin sun ƙi karya ta duk da faɗuwar farashin mai. Maganata a nan ta fi karkata ga na farkon, wato faɗuwar banki ɗaya, domin shi ne doka ta yi wa tanadi, shi ne kuma aka fi ɓoye wa jama'a.

Bayan rikicin shekarun 1980 ƙasashenmu sun kafa COBAC a 1990, hukumar da ke sa ido a kan bankunan ƙasashe shida ɗin, tana aiki tare da babban bankinmu na BEAC. A 2009 kuma aka zartar da dokar kafa asusun lamunin ajiya na tsakiyar Afirka, wato FOGADAC, wanda ya fara aiki a 2011. Bankuna ne suke zuba masa kuɗi kowace shekara, kuma aikinsa shi ne, idan aka tabbatar banki ya kasa mayar wa mutane ajiyarsu, ya biya kowane mai ajiya har zuwa sefa miliyan 5. Lissafin na mutum ɗaya ne a banki ɗaya, saboda haka wanda ya buɗe asusu uku a banki guda, haɗa su za a yi a ɗauke su abu ɗaya. Abin da ya haura miliyan 5 bai ɓata nan take ba, amma mai shi ya shiga layin masu bin banki bashi, zai jira a sayar da kadarori a karɓo basussuka, wanda kuma ya san tarihin bankunan da aka rufe a ƙasar nan ya san irin shekarun da wannan jira yake ci. Wannan tsari ci gaba ne na gaske, da a ce yana nan a 1989 da gidaje da yawa ba su talauce ba. Amma ni dai, a duk shigar da nake yi bankunan Garwa, ma'aikaci bai taɓa ambata mini sunan wannan asusu ba. Ana miƙa wa mutum takardu da Faransanci a nuna masa inda zai sa hannu, shi ke nan. Alhali babban amfanin lamunin ajiya shi ne a san da shi tun kafin tashin hankali, domin mai ajiyar sefa dubu 300 da ya san an lamunce masa ba zai kwana a bakin banki saboda saƙon WhatsApp ba, in kuwa shi da irinsa ba su yi cincirindo ba, bankin ma ya fi kusa da tsira.

Iyakar miliyan 5 ɗin ta wadaci malamin makaranta da ɗan fansho da mai ƙaramin shago. Ba ta wadaci masu motsa kasuwancin arewa ba. Falken da ya loda mota ɗaya ta shanu daga kasuwar Adumri ko Bogo zuwa Yawunde, kuɗin da zai shigo asusunsa bayan ciniki ya wuce miliyan 5 nesa ba kusa ba, haka ma mai kai albasar Marwa zuwa Duwala, ko mai tara masara da gyaɗa lokacin kaka. Abin da aka kasa lura da shi shi ne, sau da yawa kuɗin nan ba nasa ne shi kaɗai ba. A cikinsa akwai na makiyayin da ya ba shi shanu bashi sai ya dawo, da na dillali, da na mai mota, da jarin da wata gwauruwa a danginsu ta damƙa masa ya juya mata. A takardar banki mutum ɗaya ne mai kuɗi da yawa, a zahiri kuwa gidaje goma ne ko fiye. A Tarayyar Turai iyakar yuro 100,000 ce, kimanin sefa miliyan 65 da rabi, kuma ko a can, lokacin rikicin Saifurus a 2013, waɗanda ajiyarsu ta haura wannan iyaka a babban bankin kasuwanci na tsibirin sun rasa kusan rabin abin da ya haura, aka ba su hannun jari a madadinsa. Ban ce a daidaita mu da Turai ba, arzikinmu ba ɗaya ba ne. Amma adadin da aka yanke fiye da shekara goma da suka wuce ya cancanci a sake duba shi, ganin yadda farashin komai ya tashi.

Inda zuciyata ta fi zafi, Malam Edita, shi ne batun ƙananan cibiyoyin ajiya da lamuni, waɗanda muke kira mikrofinans. An kafa FOGADAC ne domin bankuna da manyan cibiyoyin bashi, ba a sa waɗannan ƙanana a ciki ba, alhali nan ne talakan arewa yake kai kuɗinsa. Mai tuyar ƙosai da mai shayi da ɗan acaɓa da mahauci ba sa shiga babban banki, inda za a nemi takardu iri-iri a kuma riƙa cire kuɗin kula da asusu kowane wata. Su yaro ne yake zagayowa kasuwa da rana, da jakarsa da hatiminsa, ya karɓi ɗari biyar ko jaka ɗaya, ya rubuta a ɗan littafin ajiya ya buga hatimi. Na taɓa tsayawa a ƙofar wata cibiya irin wannan da safiyar da ba a buɗe ta ba. An manna takarda da Faransanci a jikin ƙofar ƙarfe, mata sun taru, kowace da littafinta a naɗe cikin leda, wani ɗan makaranta yana karanta musu takardar yana fassarawa da Fulatanci da Hausa. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta buɗe mini nata, shafi bayan shafi cike da hatimi, kuɗin kayan ɗakin 'yarta ne take tarawa, ta ce da ni: "Malam, duba mini, ai ga shaidarsu nan, ko ba za a biya da wannan ba?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, domin shaidarta sahihiya ce, amma babu wani asusu da doka ta ɗora wa nauyin biyanta.

Irin wannan ya faru a sarari a 2011, lokacin da aka rufe COFINEST, ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin mikrofinans na Kamaru a lokacin, dubban mutane suka shiga jiran abin da za a samo daga sayar da kadarorinta, wasu cibiyoyin kuma suka biyo bayanta a shekarun da suka biyo. Maƙwabtanmu sun riga mu gyara wannan giɓi. A ƙasashen sefa na yamma, ciki har da Nijar, asusun lamuninsu yana biyan mai ajiya a banki har sefa miliyan 1.4, ƙasa da namu, amma ya haɗa da masu ajiya a ƙananan cibiyoyi har sefa 300,000. A Nijeriya, hukumar lamunin ajiya ta NDIC ta ɗaga iyakarta a 2024 daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 a manyan bankuna, daga 200,000 zuwa miliyan 2 a ƙananan bankuna, kuma da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, ta fara tura wa mutane kuɗinsu zuwa asusunsu na wasu bankuna ta amfani da lambar BVN, wato lambar tantance mai asusun banki. Abin da ya yiwu a Maraɗi da Yola ba zai gagara a Garwa da Njamena ba.

Na san hujjar masu cewa a bar abin yadda yake. Suna cewa cibiyoyin nan suna da yawa, ɗaruruwa ne a Kamaru kaɗai, da yawansu littattafansu a hargitse suke, wasu shugabanninsu suna ranta wa kansu kuɗin jama'a, saboda haka in aka lamunce musu za su ƙara sakaci, su kuma cinye asusun da bankuna suka tara. Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sai dai hukuma ce take ba su lasisi, ministan kuɗi yake sa hannu bayan COBAC ta amince, kuma lasisin nan da suke ratayewa a bango shi ne yake sa mai daddawa ta saki jiki. Wanda ya ba da izinin karɓar kuɗin talakawa ba shi da damar wanke hannunsa ranar da kuɗin ya salwanta. Ana iya farawa da cibiyoyi na rukuni na biyu, waɗanda doka ta yarda su karɓi ajiyar kowa, a ware musu nasu asusun da su za su riƙa zuba wa kuɗi, a sa iyaka ko da ƙarama ce, duk wadda ta kasa cika sharaɗin shiga a hana ta karɓar ajiya tun kafin ta yi ɓarna.

Kada wani ya karanta wasiƙar nan ya ɗauka ina cewa a kwashe kuɗi a mayar gida. Mu da muke zaune a nan mun san abin da ajiyar gida take jawowa. Masu tare hanya da masu satar mutane domin kuɗin fansa a yankunan Mayo-Rey da Benuwe suna bin labarin wanda ya sayar da shanu ne, kuma sau da yawa labarin daga kusa yake fita. Gobarar kasuwa tana cinye tsabar da aka bari a shago tare da haja, ambaliyar 2024 a Yagwa da kewayenta da kuma sassan Cadi ta tafi da gidaje da abin da ke cikinsu, babu kuma wani asusu a duniya da yake biyan kuɗin da ruwa ya ci a cikin tukunya. Adashi yana da amfaninsa, amma ƙarfinsa iyakar amanar uwar adashi ne. Su kuwa masu zuwa da alkawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya ko biyu, ba banki ba ne su, ba mikrofinans ba ne, duk wanda ya ba su kuɗinsa ya yi sallama da shi.

Akwai wani haɗari da ya kamata wakilanmu a majalisa su sa wa ido. A 'yan shekarun nan bankunan yankinmu sun zuba kaso mai yawa na dukiyarsu a takardun bashin gwamnatoci, har asusun ba da lamuni na duniya ya sha yin gargaɗi a kai. Gwamnatocin nan kuwa yawancinsu da man fetur suka dogara, Cadi tana cikin na gaba. In farashin mai ya sake faɗuwa gwamnati ta jinkirta biya, ba banki ɗaya abin zai taɓa ba, kuma asusun lamuni an gina shi ne domin faɗuwar banki ɗaya ko biyu, ba domin ranar da duk suka girgiza tare ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru a shekarun 1980.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da yake hannunmu. Wanda kuɗinsa ya kan haura miliyan 5, ya raba shi tsakanin bankuna biyu ko uku, ba rassa biyu na banki ɗaya ba, kuma kada ya bar kuɗin ciniki ya daɗe a asusu bayan masu haƙƙi suna jira. Asusu ya kasance da sunan mai kuɗin na gaskiya, daidai da yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa, domin ranar biya takarda ake dubawa. Mutanenmu da yawa suna ajiya da sunan ɗa ko ƙane ko yaron shago, in rikici ya zo sai a haɗa kuɗinsu da na mai sunan a ƙarƙashin iyaka ɗaya, in mutuwa ta zo kuma ya zama rigimar gado. A adana rasit da takardar bayanin asusu, a kuma sanar da wani amintacce a gida inda kuɗin yake. Mai son ajiya a mikrofinans ya nemi ganin sunanta a jerin waɗanda ma'aikatar kuɗi ta amince da su, ya kuma yi hattara da wadda ta fara cewa a dawo gobe a kan ɗan kuɗi kaɗan. Kuɗin waya na Orange da MTN ya sauƙaƙa mana aike da biya, doka kuma ta wajabta a ajiye kwatankwacinsa a banki, amma an yi shi ne domin hada-hadar yau da gobe, bai dace mutum ya tara jarinsa duka a layi ɗaya da lambar sirrin da yaransa suka sani ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilinka ofishin BEAC na Garwa da na Njamena ya tambayo mana, da sunan masu karatu, nawa ne yanzu a cikin asusun FOGADAC, cikin wane wa'adi yake biya bayan an rufe banki, waɗanne takardu mai ajiya zai kawo, kuma yaushe za a shigar da masu ajiya a mikrofinans. Amsar da aka bayar a buga ta da Hausa, a kuma miƙa wa gidajen rediyo su karanta da Fulatanci da Larabcin Cadi da Barbarci. Haka nan ina kira ga COBAC ta wajabta wa kowane banki ya manna sanarwar iyakar lamuni a bakin kantarsa, kowace mikrofinans kuma ta rubuta a shafin farko na littafin ajiya ko kuɗin da ke cikinsa yana da lamuni ko ba shi da shi.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Garwa, Jihar Arewa, Kamaru.